Sawun Amalanke a Kan Dutse: Hanyar Oregon da Abin da Mai Keke Yake Tararwa



A ƙasar Amurka, cikin jihar Wayomin, kusa da wani ƙaramin gari mai suna Guernsey, akwai wani tudun dutse mai taushi wanda wani siririn kwari ya ratsa ta tsakiyarsa. A wasu wurare zurfin kwarin ya kai mita ɗaya da rabi, in mutum ya shiga ya tsaya sai ya kawo masa kafaɗa. Ƙafafun amalanke masu ɗaurin ƙarfe da kofaton shanu ne suka cinye dutsen haka, ɗaya na bin sawun ɗaya, shekara da shekaru. Wannan kwari wani guntu ne na tsohuwar hanyar da ake kira Hanyar Oregon, wadda ta tashi daga garin Indifendans a gaɓar kogin Misuri, ta ratsa Kansas da Nebraska da Wayomin da Aidaho, ta ƙare a kwarin kogin Wilamet da ke Oregon, kusa da tekun Fasifik. Tsawonta ya kusa kilomita 3,500. Tsakanin 1841 da 1869, mutanen da suka bi ta, tare da rassanta masu zuwa Kalifoniya da Yuta, ana ƙiyasta su tsakanin 300,000 da 500,000.

A yau akwai masu ɗaure jakunkuna a kan keke su bi wannan hanya daga gabas zuwa yamma. Babu wani titi guda da aka keɓe musu. Suna bin titunan kwalta da na tsakuwa waɗanda aka shimfiɗa a gefen tsohon sawun, domin kwaruruka da koguna da mashigan duwatsu ba su gusa daga inda suke ba, kuma injiniyan da ya zo daga baya bai sami inda ya fi nan sauƙi ba. Mai keke mai ƙwari yakan ci kilomita 80 zuwa 100 a yini, ya ƙare hanyar a kwana arba'in ko hamsin. Amalanken shanu kuwa kilomita 20 zuwa 25 yake ci a yini, sai ya shafe wata huɗu zuwa shida. Duk da wannan rata, mai keke ya fi mai mota kusa da waɗancan matafiya, saboda iska tana dukansa, hawa yana cin cinyarsa, kuma dole ya lissafa inda zai sami ruwa kafin ya isa. Bari mu bi shi a baya, mu ga abin da jikinsa zai koya masa na wannan tarihi, da kuma abin da ba zai taɓa koya masa ba sai ya tsaya ya karanta kaburbura.

Kafin nan, me ya tayar da su? A 1837 bankunan Amurka suka durƙushe, farashin amfanin gona ya faɗi, bashi ya danne manoma. Kwarin kogin Misisifi da na Misuri kuma matattarar zazzaɓin cizon sauro ne a wancan zamani. Ana cikin haka sai wasiƙun 'yan mishan da na 'yan kasuwar fatu suka riƙa zuwa da labarin wata ƙasa a yamma mai baƙar ƙasa da ruwan sama da dazuzzuka. A 1843 aka yi babban tashi na farko, mutum kusan dubu. A 1846 Amurka da Ingila suka raba yankin a tsakaninsu. A farkon 1848 aka ga zinariya a Kalifoniya, shekara ta zagayo hanya ta cika maƙil. Sai dai a lura, matalauci na ƙin ƙarawa bai cika tashi ba, domin amalanke da shanu da guzurin iyali sun fi ƙarfin abin da lebura zai tara a shekara. Galibinsu masu 'yar gona ne da suka sayar da ita, wato sun tashi ba su bar wurin komawa ba.

Amalanken nasu akwati ne na katako, tsawonsa kamar mita uku, faɗinsa mita ɗaya da 'yan kai, an yi masa rumfar farin tamfol. Ba shi da sifirin, in ya hau dutse sai haƙoran wanda ke ciki su haɗu. Saboda haka, da kuma tausayin shanu, ban da marar lafiya da jariri da tsohuwa kusan kowa a ƙasa yake tafiya. Hoton nan na iyali zaune a kan amalanke suna kallon daji, na masu zane ne. Mata da yara sun taka mafi yawan kilomita 3,500 ɗin nan da ƙafafunsu, da yawa ba takalmi bayan na farko ya mutu. Cikin akwatin abinci ne. Wani littafin jagora da aka buga a 1845 ya ce kowane baligi ya tanadi fulawa kilo 90, naman alade mai gishiri kilo 68, sukari kilo 9, gahawa da gishiri kowanne kilo huɗu da rabi. A riƙe maganar sukari da gishirin nan, za mu komo gare ta.

Ranar tashi ita ce cacar farko. In an yi sammakon fita a farkon Afrilu, ciyawa ba ta tofo ba, shanu su rame tun ba a je ko'ina ba. In an makara har Yuni ya shiga, dusar ƙanƙara ta riga ayari zuwa duwatsun ƙarshe. Ƙofar 'yar ƙarama ce, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, shi ya sa dubban mutane suke tashi kusan lokaci guda, su yi ta rige-rigen makiyaya da mashaya.

Mu da kakanninmu suka iso nan cikin ayarin fatake, har unguwanninmu ake kira zango, mun san ayari ba ya tafiya sai da madugu, kuma madugu mutum ne da ya san hanya ya kuma san sarakunan da ke kanta. Waɗannan mutane ba su da irinsa. Manoma ne da ba su taɓa ganin hanyar ba, sai su ɗauki wani tsohon maharbi haya ya yi musu jagaba, shugaban ayari kuwa su zaɓe shi da ƙuri'a. A tashin 1843 an ruwaito cewa 'yan takara suka jeru suka fara tafiya, kowa ya bi bayan wanda yake so, mai doguwar jela ya ci. Wani lauya mai suna Peter Burnett ne ya ci, bai fi mako guda da 'yan kwanaki ba ya ajiye muƙamin, saboda masu garken shanu da marasa garke sun kasa jituwa a kan gadin dare. Ayarin ya rabu biyu. Irin wannan rabuwa ta zama ruwan dare a hanyar, kuma a ganinmu ta jawo asarar rayuka da yawa da ba a rubuta da sunanta ba.

Mai keke da ya bar Misuri ya ratsa tuddan Kansas, bayan kamar mako guda zai gangaro kwarin kogin Filat a Nebraska, kusa da inda aka kafa sansanin soja na Fot Kani a 1848. A nan zai ji daɗi. Ƙasa shimfiɗe take kamar tabarma, titi miƙaƙƙe, jirgin ƙasa na wucewa a gefe, gari bayan gari da famfo da kanti. Zai ɗauka nan ne wuri mafi sauƙi a duk hanyar, kuma ga shanu haka abin yake. Amma a wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa aka fi binne mutane.

Kogin Filat faffaɗa ne marar zurfi, ruwansa kamar kunun laka. Itace babu, sai mata da yara su bi daji suna tsintar busasshen kashin ɓauna a yi girki da shi. Da yake ruwan kogin ba ya shawuwa, sai matafiya su tona 'yan ƙananan rijiyoyi a yashin gaɓa. Ayarin da ya kwana yau, gobe wani ya sauka a daidai wurin, ya tarar da rijiyar, ya tarar da bayan gidan waɗanda suka wuce da mushen shanunsu a kusa da ita. A 1850 kaɗai sama da mutum 50,000 suka bi wannan kwari a cikin 'yan makonni. Cutar kwalara, wadda ta hawo koguna cikin jiragen ruwa daga Niyu Olins, ta sami wurin zama. A 1849 da 1850 da 1852 ta yi ɓarna mafi muni. Mutum ya karya kumallo lafiya lau, da azahar amai da gudawa su kama shi, kafin gari ya waye an rufe shi. Ba su san daga ruwa take ba. Sai a 1854 likita John Snow ya nuna a Landan cewa famfon unguwa guda ne ke yaɗa ta, ƙwayar cutar kuwa sai a shekarun 1880 Robert Koch ya tabbatar da ita. Su dai suna zargin iska da raɓar dare, suna ɗura wa majinyaci ruwan ofiyom da kafur. Mai yiwuwa shan gahawa ya kare wasunsu ba tare da sanin dalili ba, don ruwanta tafasasshe ne.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, maganin yana cikin amalanken. Ruwan gishiri da sukari da kowace uwa a unguwarmu ta iya haɗawa yau, ga sukarin a buhu, ga gishirin, ga tukunyar tafasa ruwa, duk a bayan wanda ke shure-shuren mutuwa. Ilimin haɗa su ne bai zo ba sai bayan fiye da shekara ɗari.

Masu tarihi sun saɓa a kan adadin mamata, daga masu cewa huɗu cikin ɗari na matafiya zuwa masu cewa goma, amma sun haɗu a kan cewa cuta ce ta ɗauki mafi yawa da nisa. Bayanta sai haɗari: nutsewa a wurin ƙetare kogi, yaro ya faɗo ƙafar amalanke ta taka shi, bindiga ta tashi a hannun wanda bai iya ta ba. Kaburburan galibi sun ɓace, domin da gangan ake tona su a tsakiyar hanya a bi ta kai da amalanke, kada kyarketai su ji wari su tone. Kaɗan ne suka saura. Kusa da garin Scottsbluff mai keke zai iya tsayawa a na wata mata, Rebecca Winters, wadda kwalara ta kashe a Agusta 1852. Da babu dutse babu katako, wani abokin tafiyarsu ya ɗauki ƙarfen ƙafar amalanke ya sassaƙa sunanta a kai ya kafa. Ƙarfen ne ya sa ba a manta da ita ba.

To ina 'yan asalin ƙasar? Mu da muka taso da kallon finafinan kaboyi a silima, an cusa mana hoton amalanke a kewaye, mahaya masu gashin tsuntsu a ka suna ruwan kibau. Masanin tarihi John Unruh, a littafinsa da ya fito a 1979, ya bi rubuce-rubucen matafiyan ya ƙirga: daga 1840 zuwa 1860, matafiya 362 ne 'yan ƙasa suka kashe, su kuma matafiya suka kashe 'yan ƙasa 426. A gwada wannan da dubban da kwalara ta kwashe. Kewaya amalanke da dare kuwa, mafi yawa shinge ne na tsare dabbobi. Abin da ya fi yawa tsakanin ɓangarorin biyu ciniki ne. 'Yan ƙasa sun yi musu fito a koguna, sun ƙetarar da shanunsu da iyo, sun sayar musu da kifi da takalman fata, sun nuna musu mashaya.

Amma hanyar ta cinye masu ƙasa. Dabbobin matafiya sun share ciyawa kilomitoci a kowane gefe, an sare 'yan itatuwan gaɓa, ɓauna da rayuwar Lakota da Cheyenne da Pawnee ta dogara a kanta ta ƙaurace, kwalara da ƙyanda suka shiga bukkokinsu. A 1851 gwamnati ta tara kusan mutum 10,000 na ƙabilun filin kusa da Fot Larami, aka ƙulla cewa za su bar hanya a buɗe a riƙa ba su kayan dala 50,000 kowace shekara har shekara 50. Majalisar dattawa ta mayar da shekarun 10. A Agusta 1854 saniyar wani matafiyi ta ɓace ta shiga zangon Lakota, aka yanka ta. Wani matashin hafsa mai suna Grattan ya tafi da soja 29 da igwa kama wanda ya yanka, ya ƙi diyyar da shugabansu ya miƙa, aka buɗe wuta, shugaban ya sami raunin da ya kashe shi, sojojin kuma ba wanda ya rayu. Shekara ta zagayo Janar Harney ya auka wa wani zangon Lakota a rafin Blue Water ya kashe mutum 86, cikinsu mata da yara. Wurin yana dab da Ash Hollow, inda mai keke yakan tsaya ya sha inuwa ya duba gangaren da ake saukar da amalanke da igiya. Daga kan saniya guda aka shiga yaƙe-yaƙen da suka ɗauki shekaru fiye da ashirin.

Daga Fot Larami ƙasa ta fara hawa, ruwa ya yi sanyi da gudu, kwalara ta ja baya. A nan ne jikin mai keke zai fara fahimtar nasu. Iskar Wayomin daga yamma take busowa, wato tana dukan fuskar mai zuwa Oregon, wani yini ya taka tun safe har la'asar bai ci rabin abin da ya saba ba. Garuruwa sun yi nisa da juna. Zai fara duban jakarsa yana tambayar kansa me ya kai shi ɗauko kaza da kaza, ya tsaya a gidan waya ya mayar da su gida. Matafiyan ba su da gidan waya. Da shanu suka fara faɗuwa, sai aka shiga zubar da kaya: murhun ƙarfe, akwatunan littattafai, maƙera, kujerun gado na kakanni, har tulin nama da fulawa. Waɗanda suka bi hanyar a 1849 sun rubuta cewa mutum zai iya bin ta ba jagora, kayan da aka yar da warin mushe su kai shi. Ga kuma tafkuna masu kanwa, saniya mai ƙishi ta sha ta kumbura ta mutu.

A bakin kogin da suka sa wa suna Ruwan Daɗi akwai wani ƙaton dutse kwance kamar kunkuru, tsayinsa kusan mita 40, ana ce masa Dutsen 'Yancin Kai. Dubban matafiya sun rubuta sunayensu a jikinsa, wasu da kurfi wasu da man ƙafar amalanke, domin 'yan uwan da ke tafe a baya su san suna raye. Lissafinsu shi ne, wanda ya iso nan kafin 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin ƙasarsu, yana kan lokaci. Wanda ya wuce haka da yawa, hankalinsa ya tashi.

Ɗan gaba kaɗan, bayan tsagin dutsen da ake kira Ƙofar Shaiɗan, akwai shaidar abin da makara take haifarwa. Mabiya ɗariƙar Mormon, waɗanda aka kora daga Ilinoi suka kafa gari a bakin tafkin gishiri na Yuta a 1847, suna da sababbin mabiya matalauta daga Ingila da ƙasashen arewacin Turai da ba su da kuɗin shanu. Sai aka ƙera musu kura mai ƙafa biyu, mutum ya ja da ƙirjinsa, kowane baligi an yarje masa kaya kilo takwas kacal. A 1856 ƙungiyoyi biyu, ta Willie da ta Martin, mutum wajen dubu, ba su bar gaɓar Misuri ba sai a Agusta. A 19 ga Oktoba dusar ƙanƙara ta rufe su a Wayomin, abinci ya ƙare, ƙungiyar Martin ma a ranar ta ƙetare kogi cikin ruwa mai ƙanƙara. Kafin masu ceto su kai su gari, sama da 200 sun mutu, da yawa cikin waɗanda suka rayu an yanke musu yatsu ko ƙafafu. Mai keke yakan wuce nan a Yuli, yana gumi, da wuya ya kwatanta.

Daga nan sai Mashigin Kudu, wanda ba don shi ba da babu hanyar gaba ɗaya. Duwatsun Roki sun tokare nahiyar daga arewa zuwa kudu, amma a nan sun buɗe suka bar fili mai faɗin kilomita 30, mai hawa a hankali har tsayin mita kusan 2,300. 'Yan ƙasa sun daɗe da sanin sa, su suka nuna wa maharban Turawa a 1824. Matafiya da yawa sun wuce ba su san sun hau ƙololuwa ba sai da suka ga rafi yana gudu yamma. An yi murna, an harba bindigogi, alhali ba a kai rabin tafiya ba, kuma rabin da ya saura ya fi wuya.

Gajiya takan sa mutum son yanke. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. A 1846 wani ayari mai zuwa Kalifoniya, wanda aka sani da sunan iyalin Donner, ya saurari mai littafin jagoran nan da muka ambata, Lansford Hastings, ya bi wata sabuwar hanya da shi kansa bai taɓa bi da amalanke ba. Suka yi hasarar kusan wata guda a sarƙaƙiya da hamadar gishiri, dusar ƙanƙara ta tsare su a duwatsun Siyera Nebada duk tsawon hunturu. Cikin mutum 87, 48 suka fita da rai, wasu bayan yunwa ta kai su ga cin naman matattunsu.

Masu zuwa Oregon kuwa suna isa kogin Sinek a Aidaho cikin zafin Agusta. Azabar wannan yanki ita ce ana ganin ruwa ba a iya kai gare shi, domin kogin yana can ƙasa cikin rami mai bangon baƙin dutse, shanu suna jin ƙanshinsa suna kuka. Ƙura kamar toka tana shiga ido da abinci. A mashigin Tsibirai Uku sai a zaɓa: a ƙetare ruwa mai ƙarfi a sami ciyawa a arewa, ko a zauna a kudu a ci gaba da ƙishi. Mai keke a nan yana da tasa masifar, kuma tsohuwar saniyarmu ce: tsaidau. Ƙayar nan da ke huda mana taya a hanyar gona ita ce ke sa shi faci sau uku a yini a kudancin Aidaho. Baƙuwa ce a Amurka, daga baya ta shiga, don haka wannan ɗaya dai masu tafiya ba takalmi sun tsira daga gare ta.

Labarin iyali guda ya tattara duk abin da muke faɗa. Henry Sager da matarsa Naomi sun tashi a 1844 da 'ya'ya shida, aka haifi ta bakwai a hanya. Kusa da Fot Larami 'yarsu Catherine, mai shekara tara, ta yi tsalle daga amalanke yana tafiya, rigarta ta sarƙe, ƙafar amalanken ta murƙushe mata ƙafa. Zazzaɓi ya kashe uban a yammacin Wayomin, bayan 'yan makonni uwar ta bi shi a Aidaho. Mutanen ayari suka riƙe marayun har suka damƙa su ga likita Marcus Whitman da matarsa Narcissa, 'yan mishan da ke zaune cikin ƙabilar Cayuse tun 1836. Bayan shekara uku ƙyanda ta zo tare da matafiya. 'Ya'yan Turawa da likitan ya duba galibi suka warke, na Cayuse suka yi ta mutuwa har ana cewa kusan rabin ƙabilar ta tafi. A al'adarsu mai maganin da majinyatansa ke mutuwa abin tuhuma ne, ga shi kuma suna ganin baƙi na ƙaruwa a ƙasarsu kowace kaka. A 29 ga Nuwamba 1847 wasunsu suka kashe Whitman da matarsa da wasu mutum goma sha ɗaya, har da 'yan mazan Sager biyu. Ɗaya daga 'yan matan ta mutu da ƙyanda a tsare. Huɗun da suka saura suka zama marayu karo na biyu. A 1850 aka rataye Cayuse biyar a Birnin Oregon. Allah Sarki, duk wanda ka duba a labarin nan an zalunce shi ta wata fuska.

Bayan Shuɗɗan Duwatsu sai garin Dalles, inda hanyar ƙasa ta ƙare a bakin kogin Kolombiya. A shekarun farko sai a kwance amalanke a ɗora a kan gumagumai da aka ɗaure, a bi ruwa mai gudu da duwatsu. A 1843 'yan uwa biyu na gidan Applegate kowannensu ya rasa ɗa ƙarami a wannan ruwa, suna kallo daga wani kwale-kwalen, bayan sun sha wuyar wata biyar. A 1846 Sam Barlow ya sare hanya ta gefen dutsen Hud yana karɓar dala 5 a kan kowane amalanke, amma gangarenta sai an naɗa igiya a gindin bishiya ana sassautawa. Mai keke yau yana bin tsohon titin gaɓar Kolombiya, ga magangarun ruwa ga masu ɗaukar hoto.

Wanda ya isa, me ya samu? Dokar 1850 ta ba namiji eka 320 kyauta, mai aure 640, rabi da sunan matar, in sun zauna sun noma shekara huɗu. Ƙasar ta Kalapuya ce da maƙwabtansu, waɗanda zazzaɓi ya riga ya rage su ƙwarai, aka kwashe ragowarsu zuwa keɓaɓɓen wuri a 1856. Dokar kuma ta fitar da baƙar fata. Tun a 1844 mazauna Oregon suka yi dokar da ta ce baƙin mutum da ya ƙi barin yankin a yi masa bulala har 39 duk wata shida, kuma wanda ya jagoranci yin ta shi ne Peter Burnett ɗin nan mai doguwar jela. An sauya hukuncin bulalar kafin a zartar da shi a kan kowa, amma korar ta ci gaba har ta shiga tsarin mulkin jihar a 1857. A wannan shekara ta 1844 wani baƙin manomi mai wadata, George Bush, ya taka hanyar tun daga Misuri, yana ma taimakon wasu Turawan ayarinsu da guzuri. Da ya iso ya ji dokar, sai ya ƙetare Kolombiya ya yi arewa, inda hannunta bai kai ba, abokansa suka bi shi, suka kafa gonaki a inda yau take jihar Washinton.

A 10 ga Mayu 1869 aka haɗa layin dogo daga gabas zuwa yamma, tafiyar wata biyar ta koma ta kamar mako guda. Garma da ciyawa suka fara cinye sawun. Wani dattijo, Ezra Meeker, wanda ya bi hanyar a 1852 da matarsa da jariri, ya ga ana mantawa. A 1906, yana da shekara 75, ya ɗaura shanu biyu a amalanke ya kamo ta daga yamma zuwa gabas, yana tsayawa gari gari yana roƙon a kafa duwatsun shaida, yara 'yan makaranta suna ba da kwabbansu. Da yawa daga alamomin da mai keke ke jingina kekensa a jikinsu yau daga wannan yunƙuri suka samo asali, kuma a 1978 majalisar Amurka ta sa hanyar cikin hanyoyin tarihi na ƙasa. Abin da ya saura na ainihin sawun, wanda ido zai gani, bai fi kilomita 500 ba, a warwatse. Meeker ya sake bin hanyar da mota, a 1924 kuma, yana da shekara 93, aka ɗauke shi a jirgin saman soja ya bi ta sama yana leƙen sawun daga taga. Ya rasu a Disamba 1928, yana shirin wata tafiyar.